Barkono a Zaurenmu

A zauren gidanmu na Filinge akwai wani ɗan rami a jikin bango, daidai kafaɗar mutum. Shekara da shekaru abu ɗaya ne a cikinsa: gwangwanin tumatir cike da dakakken barkono. Baƙo in ya gani yakan ɗauka mantuwa aka yi. Inna ce ta ajiye shi saboda Yaya, kuma dokarta ita ce duk ranar da ya dawo daga aiki ba zai taka tsakar gida ba sai ya shaƙa ya yi atishawa.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta, sauran da ke tsakaninmu ba su rayu ba. Aikinsa fassarar fim. Yana da rumfar zana a bayan tasha, an lulluɓe ta da tampol don a samu duhu da rana tsaka, ga tele bisa tebur, ga injin kuran mai ba da wuta yana ta haki a waje. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, mutanen Tabla da Bonkuku da Sanam in sun sayar da abin da suka kawo sukan shigo su cika bencina kafin motocinsu su tashi. Finafinan duk da Faransanci suke zuwa. Yaya yakan rage muryar tele, ya riƙe makirfo, ya zama kowa: shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne matar da ke kuka. Bai yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, ni kuwa na yi, har daga baya na zama malamin Faransanci, saboda haka nakan zauna a baya ina kama masa kure. In na ce masa, “Yaya, ba haka yac ce ba,” sai ya ce, “Haka yak kamata shi ce.” Abin yakan ba ni haushi, don mutane tasa suke so, ba tawa ba.

Cikin duk abin da yake nunawa babu kamar finafinan wani ɗan leƙen asirin Turawa, wanda mutanenmu suka raɗa wa suna Mai Kwat. Ba fim ɗaya ba ne, jeri ne da aka fara tun kafin a haife mu. Kullum da kiɗa iri ɗaya ake buɗewa. Kullum baƙar kwat ce a jikinsa, ko da cikin wuta zai shiga, kuma kullum abin sha iri ɗaya yake nema. Yaya ya ƙware da shi har ya sayi wata baƙar kwat ta gwanjo, ba ya sa ta sai ranar da Mai Kwat ne a tele.

Wata Lahadi aka kawo sabon kaset. Aka yi kiɗa, mutane suka gyara zama, sai ga Mai Kwat ya fito da wata fuska dabam. Wani mutum ne ɗungurungum, hancinsa dabam, tafiyarsa dabam. Rumfa ta kaure da guna-guni. Wani dattijo daga Sanam ya miƙe ya ce, “Wanga ba shi na ba. Mu mun san Mai Kwat. Wanga ƙanenai na ko mi?”

Yaya ya ce, “Baba, shi na. Bari in maido ku ji kiɗinai.”

Ya mayar da kaset baya. Daidai lokacin Inna ta ɗaga tampol ɗin ƙofa da ƙwaryar fura a hannu. Ba ta taɓa zuwa rumfar ba, matar Yaya ce ke jego shi ya sa ta kawo da kanta. Kiɗan ya tashi ya same ta a tsaye. Ina kallonta. Fuskarta ko motsi. Ta dubi tele, ta dubi Yaya cikin baƙar kwat, sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, “Ku bar gardama. Shi na. Doki yas sake.”

Dattijon nan ya gyaɗa kai ya ce, “To, haka na,” ya koma ya zauna. Ni da na shirya bayani a kan ƴan wasa da yadda suke tsufa a ɗauki wasu, ban sami wanda zan yi wa ba.

A ƙasarmu ta Kurfai wannan magana ba ta bukatar ƙari. Kowa, har wanda ba ya fashin sahun farko, ya san yadda bori yake. Iska yakan hau mutum ya yi magana da bakinsa. Wanda ake hawa shi ne doki, in mace ce godiya. Doki yana tsufa ya mutu, iska kuwa yana nan, sai ya nemi wani, kuma galibi cikin gidan yake nema. A cikin iskokin akwai Babule, na Nasara, masu fareti da tsawa irin ta soja, waɗanda tsofaffi ke cewa a ƙasarmu suka fara bayyana zamanin mulkin Faransa. Inna godiyar ɗaya daga cikinsu ce a ƙuruciyarta, gado ta yi wajen gwaggonta. Ta bari tun kafin a haife ni. Ta jefa jar hula da usur a wata tsohuwar rijiya, ta rungumi salla da azumi, kuma a gidanmu ba a tayar da zancen. Abu ɗaya na san tana roƙo, don na sha jinta bayan salla: abin ya ƙare a kanta, kada ya taɓa ƴaƴanta.

Da yammacin Lahadin nan ta kira ni. Ni ta kira, ba shi ba, don Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta ce da ni, “Gaya ma wancan.” Ran nan ma haka ta yi, yana gefe yana cin tuwo.

Ta ce, “Abu ukku iska ba shi sakewa: kiɗinai, da tuhwahinai, da abin shanai. Saura duka shina bin zamani. Namu da usur yaz zo, daga baya yas so mota, yas so sigari. Wanga na cikin tele, can ƙasarsu shina da doki mai ba shi jiki. Nan Hilinge wa ka ba shi baki?”

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. Ita ba ta yi ba. Ta kafa sharaɗi. In ya fara fim ɗin Mai Kwat, ya bar shi ya kai ƙarshe, har sunayen nan da ke hawa a ƙarshen fim su ƙare, kada ya yanke, don ba a kiran baƙo a bar shi tsaye ba sallama. Ya tuɓe kwat a rumfa. In ya iso zaure ya yi atishawa, don da atishawa iska ke sauka daga kan doki. Tunda kuwa atishawa ba ta zuwa don an so, ga barkono.

Ya bi, don Yaya ba ya musu da Inna, sai dai ya mayar da abu wasa. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama da muryar Mai Kwat, ya ɗebi barkono da yatsu biyu, ya saki atishawar da sai kaji sun watse. Maƙwabta suna jin ta su ce mai bidiyo ya tashi aiki. Matarsa takan ce da ma barkonon miya aka bar mata. Ni nakan ce ƙauyanci ne, kuma har gaban Inna na faɗa. Ta dube ni ta ce in je in duba ko an ɗaure akuya.

Shekaru suka yi ta tafiya, Mai Kwat yana ta canjawa. Fuska ta sake sauyawa. Aka ba shi salula da na'urori, aka ɗora mace ta zama shugabarsa, daga baya ma aka kawo wani mai taurin fuska wanda ake duka ya yi jini, ya so mace har ya yi hawaye. Ƴan kallo suka yi ta ƙorafi wai Mai Kwat ba ya kuka, an lalata shi. Yaya yakan kawo labarin gida yana ba ni don Inna ta ji. Ita tambayarta ɗaya ce.

“Kiɗin hwa?”

“Shina nan, Inna.”

“Rigar?”

“Tana nan.”

“To shi na.”

Na daɗe ina tunanin wannan. Masu yin finafinan nan, can inda suke, ba su san Kurfai ba, amma dabararsu ita ce ta Inna. Suna barin komai ya bi zamani don yara su shigo, su riƙe ƴan abubuwa kaɗan don tsofaffi su gane baƙonsu. A matsayin dabarar kasuwa na fahimci abin, kuma ya burge ni. Ban so ba ne kawai yadda Inna ke faɗinsa, kamar tana ba da labarin wanda ta sani.

Abin da ya kashe rumfar Yaya shi ne salula. Kowa ya sami tele a aljihu, bencina suka koma wajen mai shayi. Sai wasu samari masu shagon tura finafinai a katin salula suka zo masa da shawara: ya zauna a shagonsu ya yi fassara sau ɗaya, su naɗe muryarsa a kan fim, su riƙa tura wa mutane. Yaya ya yi murna ƙwarai. Ya ce yanzu har Abala za a ji shi ba tare da ya hau mota ba. Ya naɗe na Mai Kwat kaf, tsofaffi da sababbi.

Wata ranar kasuwa da rana tsaka muna tafe ni da shi, yana gefena yana taunar goro, bakinsa a rufe. Sai na ji muryarsa daga rumfar wani tela, yana yi wa mugu barazana. Muka ƙara gaba, ga ta kuma daga kan amalanke, tana lallashin mace. Wajen masu nama tana dariya. Duk Yaya ne, duk a lokaci ɗaya, shi kuwa ga shi nan yana tauna. Na juya zan yi masa ba'a, daidai nan aka kira mai amalanken a waya, muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Na ga Yaya ya tsaya, ya kai hannu maƙogwaro, ya haɗiye wani abu da ƙyar. Na ce lafiya? Ya ce goro ne. Na yarda goro ne, amma ban yi ba'ar ba.

Inna a gida ta ji nata. Idonta ya riga ya yi rauni, kunnenta kuwa garau. Yaya na zaune gabanta yana shan fura, muryarsa ta tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Ta saurara har aka kashe can a tsakiya. Ta juyo wajena ta ce, “Tambayi wancan, wa ka sallamatai?”

Na ce, “Inna, murya ta kawai anka ɗauka, kamar rediyo.”

Ta ce, “Kowa shina kira, babu mai sallama.”

Daga nan Yaya ya fara canjawa, a hankali, yadda in ba kullum kake ganin mutum ba ba za ka lura ba. Ya rage surutu, shi da ba a raba shi da magana. In ya shiga wuri sai ya zauna ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Kwat ɗin da da ake barinta a rumfa ta dawo gida, tunda babu rumfa, kuma ya fara sa ta ko ba aiki, cikin zafin bazara, ba ya ko gumi. Na ce shekaru ne da zaman banza. Mutumin da ya saba da taro, aka bar shi da bango, dole ya yi sanyi. Har yanzu ina ganin wannan bayani ya isa.

Sai ga fim na ƙarshe ya iso. Samarin suka aiko, Yaya ya je ya kalla, ya dawo idonsa na ƙyalli kamar da. Ya ce da ni, “Wanga karon kashe shi sunka yi. Mai Kwat ya mutu.”

Inna na kan tabarma tana jan carbi. Ta ce, “Iska ba shi mutuwa. Doki ka hwaɗuwa.” Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta juya fuskarta wajensa, shi kansa, ba ta bi ta kaina ba, ta ce, “Kada ka yi wanga.”

Yaya ya yi turus, don shi ma bai saba ba. Ya yi murmushi ya ce, “Inna, fim na. Mutane na jira.”

Washegari ya tafi shagon da hantsi ya naɗi fim ɗin, ya dawo kafin la'asar. Ina zaure ina gyaran takardun ɗalibai. Ya yi sallama, ya miƙa hannu cikin ramin bango, ya ɗebo, ya shaƙa. Shiru. Ya ƙara. Idonsa ya kawo ruwa, hancinsa ya yi ja, atishawa ba ta zo ba. Inna ta riga ta iso ƙofar ciki da sandarta, ta tsaya ta tare hanya. Ya ƙara shaƙa har hawaye na bin kumatunsa. Muka yi ta jira. Can sai ya ja numfashi ya saki wata babbar atishawa, matarsa daga ciki ta ce alhamdu lillahi. Ni ina kusa, na san ta ƙarya ce. Mutumin da ke kwaikwayon muryar kowa, atishawa ba za ta gagare shi ba. Inna ma ta sani. Ta matsa gefe ya wuce, ta daɗe a tsaye tana fuskantar zauren da babu kowa sai ni.

Na ɗaga murya na ce ai lokacin annobar nan ne da ke hana mutane jin ƙanshi, rabin gari hancinsu a toshe yake. Daga baya wani abokina ma'aikacin asibiti ya ce mani rashin jin ƙanshi ba ya hana barkono sa atishawa. Da ma bai faɗa mani ba.

Kafin damina muryar Yaya ta dushe. Muka sha magani na gida, muka tafi asibiti a Yamai. Likitoci suka ce tsiro ne a maƙogwaro, suka tambaya ko yana shan sigari, kuma yana sha tun yana saurayi. Na yarda da likitoci, har gobe na yarda. Ya dawo gida ba ya iya magana sai da hannu, alhali muryarsa na yawo gari tana harbi tana dariya. Wannan ne ya fi ci mani rai. Ya rasu gero na fitar da kai. Ranar zaman makoki, ana tsakiyar addu'a, salular wani ta kunnu a aljihu, Yaya ya yi mana sallama da muryar Mai Kwat. Mai wayar ya rikice ya kashe ta. Ta bayan katanga na ji Inna ta ce, “Ga shi, an kuma yankewa.”

Bayan an share makoki samarin shagon suka zo gaisuwa. Muna zaure. Da za su tashi, babbansu ya sosa ƙeya ya ce an ce masu finafinan ba su bari ba, Mai Kwat zai dawo da sabuwar fuska. Ya ce, “Malam, muryarka da ta marigayi ɗaya ta. Ga Faransanci kana da shi. In sabon ya hito, kai munka yi tunani.”

Na ce a'a. Amma kafin in ce, na ɗan yi shiru, don wani abu a ƙirjina ya yi daɗi, kamar an kira ni da sunan da na daɗe ina jira. Shirun bai kai a haɗiye yawu ba. Inna tana bayan ƙofa, ta ji shi.

Da safe ta tura matata da yara da matar Yaya gidan biki a wata unguwa. Ta yi sallar walaha, ta daɗe a sujada. Ta naɗe tabarmar salla, ta ɗora carbi a kai, ta sa na kai su ɗaki na rufe. Sannan ta ce in kawo kwat ɗin, in kawo salula mai fim na ƙarshe, in ajiye mata kujera ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida.

Na gane abin da take nufi, raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na ce, “Inna, shekara nawa kina tuba? Wanga wasa na. Mutumin da yam mutu ciki shina nan da rai, in kina so in nuna maki hotonai.”

Ta ce, “Na jiya. Ba a sallami iskan ba, kuma gidanga kai kaɗai kar rage. In yah hau ka, ba ka san hanyar sauka ba. Ni na sani. Allah na ganin abin da yas sa. Sa kiɗin.”

Na sa mata kwat bisa zanenta, hannuwan rigar sun wuce yatsunta. Ƴar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta rankwafa, da a wani wuri ne da na yi dariya. Na danna waya. Kiɗan ya tashi.

Bayan Inna ya miƙe. Shekaru ban ga ta zauna haka ba. Ta ɗaga haɓa, ta ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya irin zaman maza, ta gyara wuyan kwat da yatsu biyu. Muryar Yaya ta cika gidan, lafiyayya, mai ƙarfi, irin ta rumfa. Fim ɗin dogo ne. Inuwar bedi ta janye daga kanmu ta koma wancan gefe, ita ko gezau, ba ta ma kallon wayar, bango take fuskanta. Kaji ba su shigo tsakar gida ba ran nan, ban san dalili ba. Wajen tsakiya ta yi tsawa da Faransanci, kalmomin fareti, da wata murya mai kauri da ban san ta da ita ba. Na san wanda ya tashi cikin ƴan Babule zai iya riƙe irin waɗannan kalmomi a ka. Na faɗa wa kaina haka, na riƙe wayar da hannu biyu.

Aka iso ƙarshe, inda Mai Kwat ke ban kwana. Yaya ya yi wurin da murya ƙasa-ƙasa, kuma ban san ko abin da ke cikin fim ya faɗa ba ko abin da ya kamata a faɗa, don ban saurari Faransancin ba. Yana gamawa Inna ta amsa masa. Da muryarta ta amsa, ta kira sunansa na yanka. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta kira shi a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci, ta ce, “Aiki ya ƙare, ɗana. Tuɓe ka huta.” Sannan muryar ta sake yin kauri, ta ce da wani wanda ba na gani, “An sallame ka. Gidanga babu doki.”

Sunaye suka fara hawa. Kuka ya ci ƙarfina, na kai yatsa zan kashe. Ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ba na tsohuwa ba, ita da ba ta gani, ta ce, “Bari shi ƙare.” Muka zauna har suna na ƙarshe ya wuce, kiɗa ya mutu, waya ta yi baƙi.

Babu barkono kusa da ita. Ta yi atishawa, ƴar ƙarama. Bayanta ya koma ya rankwafa. Ta shafa hannun rigar ta ce mi ya sa take sanye da wannan, in cire mata, zafi. Ta nemi ruwa. Ta tambaya ko an kira azahar.

Na ce, “Inna, ya tahi?”

Ta ce, “Ya sauka.”

“Na ce ya tahi?”

Ta sha ruwanta ta miƙo mani moɗa. Ta ce, “Kada ka ɗauke gwangwanin nan na zaure.”

Ba ta ƙara faɗin sunan Yaya ba. Da na tayar mata da zancen ran nan ta ce ba ta san abin da nake faɗi ba. Amma ta yi ta azumi har na yi mata faɗa, kuma in ta yi sujada nakan ji tana kuka tana neman gafara. Abin da ta tsere wa tun tana budurwa ta koma ta buɗe masa ƙofa da hannunta saboda ni, ni da na ce mata ƙauyanci ne. Ta rasu da kaka ta zagayo. Kwat ɗin na ƙone ta a bayan gari.

Ina jin ana cewa masu finafinan har yanzu suna neman wanda zai sa rigar. Za su samu, za su ba shi sababbin na'urori, su bar masa kiɗansa. Samarin shagon sun sake tuntuɓata na ce kada su ƙara. Ni malamin makaranta ne, na san mene ne fim, na san mene ne ciwon maƙogwaro.

Lahadin da ta wuce ina ratsa kasuwa, kiɗan ya tashi daga wayar wani mai babur. Ban san na tsaya ba sai da wata mota ta yi mani oda. Na iske yatsuna biyu a wuyana suna gyara wuyan rigar da ba ni sanye da ita. Na taho gida ban biya ko'ina ba. Na tsaya a zaure, na miƙa hannu cikin ramin bango, na shaƙa, na jira. Matata daga ciki tana tambaya wa ke nan. Sai a shaƙa ta biyu atishawar ta zo.